Muhawara: jama'ar garinmu ta ninka, gona tana nan inda take

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tunda kuma nan ne na gida da na waje ke haɗuwa, bari in ajiye ta. Zangon nan da muka buɗe rajistar 'yan aji ɗaya, yaran da aka kawo ɗaki bai ɗauke su ba, sai da muka fitar da wasu gindin darbejiya. Amma ranar taron iyaye, tsofaffi ne da mata suka cika wurin. Maza 'yan ashirin zuwa arba'in kuwa ba su taka kara sun karya ba. To wai garin nan ƙaruwa yake yi ko watsewa? Abin da ke shiga hannun mutane kuma, ya fi na zamanin iyayenmu ko bai kai ba? Don Allah ban da siyasa.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam, ai wannan ba ya bukatar dogon bincike. Hau kan tudun makaranta ka duba garin. Da muna yara gidan kwano nawa ne? Na Dagaci da masallacin Juma'a. Yau ɗakin ciyawa sai ka nema. Babura sun cika gari, injin niƙa har uku, ga mai cajin waya, ga masu POS. Matar da a da take tashi da asuba tana surfe da daka, yau Naira nawa za ta ba yaro ya kai mata inji? Mu gode wa Allah. Arziki ya ƙaru, buri ne ya fi shi gudu.

Sule Legas: Alhaji ranka ya daɗe, kwanon nan da kake gani ba gero ne ya saye shi ba. Mu muka saye shi. Ɗakin Innata ni na rufa, kuma na san ƙasan gadar da na kwana kafin kuɗin su taru. Ka bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya ka tambaya, duk inda ka ga sabon bulo za a ce maka ɗansu yana Legas, ko Fatakwal, ko Abuja. Wani gadi, wani tura ruwa, wani yankan farce, wani dako a Mile 12. In muka daina turowa wata biyu kacal, sai ka ji kukan gari.

Alhaji Garba: To ai arzikin gari ne dai, Sule. Ɗan gari ne ya nemo ya kawo gari.

Sule Legas: Haka ne, amma ba shi da tushe. Ina acaba a Ikeja aka hana a watan Yunin 2022, dare ɗaya. Na wasu aka kama aka murƙushe. Yaran garinmu da suka dawo a wannan lokacin, ka tuna yadda suka yi ta zaman kashe wando a tasha? Kafin nan ma Kano ta hana a 2013. Abin da gwamna ɗaya zai iya tsayarwa da sanarwa a rediyo, ni ba na kiran sa arziki.

Baba Audu: (Jikana Habu ke rubuta mini.) Nasiru, Allah ya yi maka albarka da ka tada zancen nan. Ku saurara in ba ku na gidanmu, don shi na sani. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da gonaki huɗu: ta bakin gawo, ta hanyar Gumel, ta tudu, da ƙaramar da ke bayan gari. Mu shida maza duk a gandu muke. Da hantsi ya dubi ludayi muna gonar gandu har azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa. Shi yake biya mana haraji, shi yake mana aure, shi ke riƙe da rumbu. Akwai rumbun da ba a buɗewa sai an shiga wata na bakwai na damina mai zuwa, wani lokacin har ya haɗu da sabon gero. Da ya rasu aka fitar da tumunin takaba, aka raba saura tsakaninmu da 'yan'uwanmu mata huɗu. Abin da ya zo hannuna rabin ta hanyar Gumel ne da ɗan yanki a tudu. Ni kuma yanzu 'ya'yana maza bakwai ne, mata biyar. In na kwanta dama, abin da kowannensu zai samu, wallahi shanun huɗa ba za su gama miƙewa ba sai sun juyo. Jikokina kuwa ban san me za a raba musu ba. Ƙasar nan ba ta haihuwa, mu ne muke haihuwa.

Kuma kada ku ɗauka wai da daɗi kawai muka sha. Na ga farin 1973, na ga na 1984 da ake ce wa 'yar Buhari, mun ci dusa mun ci ganye. Na ga shekarar 1975 da cuta ta kwantar da gyaɗa, daga nan gyaɗar sayarwa ba ta ƙara komawa yadda take ba. Amma a lokacin in gona ta gaji sai ka bar ta ta huta shekara biyu ko uku, ka sari wata a daji. Yau ina dajin? Gonarmu ta haɗe da ta ƙauyen gaba, har burtali an cinye.

Aminu Dutse: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi alƙaluma ke nunawa. A ƙidayar 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, mutanen jihar sun kusa miliyan 2.9. A ta 2006 sun kai miliyan 4.36. Shekara goma sha biyar kenan, an ƙaru da kusan rabi. In jama'a na ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara, cikin shekara ashirin da uku zuwa da huɗu sun ninka. Daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Don haka duk adadin da ka ji wani ya faɗa na yau, lissafi ne aka ɗora kan na 2006. Amsar tambayar Malam ta farko dai ita ce, garin ƙaruwa yake yi, sai dai ƙaruwar a ƙasa take, wajen yara. Tsakiyar ce ta rarake.

Zainab: Yaya Aminu, to me ya sa ake kewaye-kewaye? Haihuwa ce ta yi yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Najeriya tana haihuwar 5.3 a tsaka-tsaki, amma a Arewa maso Yamma 6.6, Katsina ma 7.3, Legas kuma 3.4. Mutum yana da gonar da ba ta ba shi dami talatin, yana da mata biyu yana neman ta uku. Ya za a yi lissafin ya fita?

Ustaz Habibu: Zainab, a yi hattara da harshe. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Ba na son zauren nan ya zama wurin da za a riƙa ɗora wa jarirai laifin abin da manya suka ɓata.

Zainab: Allah gafarta Malam, ban ce a kashe kowa ba. Shi addinin ne kuma ya ɗora wa miji ci da sha da sutura da mazauni. Wanda ya tura yara uku bara Kano don rumbu ya ƙare a watan uku, ya sauke wannan nauyin?

Ustaz Habibu: Bai sauke ba, kuma na sha faɗa a kan mumbari. Ƙarin aure ga wanda ba shi da hali ba burgewa ba ce. Amma ki raba wannan da cewa yawan jama'a shi ne cutar. Kano ta fi mu cunkoso nesa ba kusa ba, ta kuma fi mu kuɗi.

Anti Ladidi: Bari in sa baki tunda ni nake karɓar haihuwar a asibitin sha-ka-tafi. Ku duka biyun akwai abin da kuka tsallake. Matan yanzu ba su fi iyayenmu haihuwa ba. Tambayi kowace tsohuwa a garin nan, za ta ce maka ta haifi goma, ta binne biyar ko shida. Ƙyanda ta ɗauka, tarin shiƙa ya ɗauka, sanƙarau na 1996 ya ɗauka, zazzaɓin damina kuwa ba a magana. Yanzu ana rigakafi, ana bi gida-gida da damina ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar maganin zazzaɓin cizon sauro, ga gidan sauro. A ƙasa baki ɗaya, cikin yara dubu da aka haifa, 201 ne ke rasuwa kafin shekara biyar a binciken 2003, a na 2018 ya sauko 132. Namu yankin ya fi haka yawa, amma shi ma ya sauko. Yaran da Malam ya rasa inda zai zaunar, yara ne da a da rabinsu ba za su kai shekarun shiga makaranta ba. Wannan alheri ne, kada mu manta.

Sannan maganar tazarar haihuwa, ku maza kuna can kuna musu, mata sun riga ku. Suna zuwa, wasu da mazansu ma. Ba don an ce musu gona ta yi kaɗan ba, don sun gaji ne, jini ya yi ƙasa, ga goyo ga ciki. Binciken baya-bayan nan na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa ya sauko 4.8. A hankali abin yake tafiya, ba da faɗa ba.

Ustaz Habibu: Tazara don lafiyar uwa da shayarwa, da yardar miji da mata, malamai da yawa sun halatta. Ba mu da saɓani a nan, Hajiya.

Malam Nasiru: Madalla. To mu dawo kan rabi na biyu, aljihu. Alhaji ya ce an samu, Sule ya ce ba daga gona ba ne.

Aminu Dutse: Kuɗi a baki sun ƙaru, abin da suke saye ne ya ragu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa a rahotonta na 2019 ta sa layin talauci a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato wajen Naira 376 a rana. A kan wannan ma'aunin kashi 40 na 'yan ƙasa suna ƙasa da layi, a karkara kashi 52, a birni 18. Jigawa kuwa kashi 87, daga Sakkwato da Taraba sai mu. Wannan kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ke nan, lokacin litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. A 2024 ta haura dubu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, amma dubu 30 ɗin 2019 ta fi Dala 80, dubu 70 ɗin 2024 kuwa ba ta kai Dala 50 ba. Wannan na mai albashi ne ma, wanda a garinmu daga malaman makaranta sai Anti Ladidi sai 'yan ƙaramar hukuma ƙalilan.

Alhaji Garba: Aminu, ku 'yan boko kuna auna manomi da ma'aunin ma'aikaci. Manomi ba ya sayen tuwo. Tsadar 2024 da kuka yi ta kuka a Dutse, manomi dariya ya yi. Wanda ya noma riɗi ya yi kuɗi, wanda ya noma zoɓo ya yi kuɗi, har gero ya yi daraja. Ni na ga motocin da suka riƙa lodi daga Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi zuwa Dawanau. Mutane nawa suka biya Umara da kuɗin riɗi a yankin nan?

Inna Hauwa: Alhaji, wane manomin ne ba ya sayen tuwo? Kai da ire-irenka. Mu gidanmu geron da ake samu, in an yi tattali, yana kai mu ƙarshen sanyi. Daga nan sai awo, kwano-kwano, har sabon gero ya nuna. Rabin shekara muna saye kamar ɗan birni, ba mu da albashin ɗan birni. Kuma da kaka dole a sayar da wani abu: bashin taki, bashin mai shago, auren yarinya, kuɗin motar yaron da zai tafi kudu. A sayar maka da arha, a dawo da bazara a saya a wurinka da tsada. Geron nan dai namu ne, rumbunsa kawai ya canza.

Sule Legas: Inna ta gama magana.

Alhaji Garba: Hauwa, kada a mai da ni azzalumi. In ban saya ba wani daga Kano zai zo ya saya, kuma shi ba zai ba ku rance ba in yaro ya kwanta da dare. Ajiya kuma caca ce. Geron da na tara a kakar 2024, kowane buhu na saye shi sama da Naira dubu sittin, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji, farashi ya karye a 2025, da ƙyar na sayar da wasu a dubu arba'in. Wa ya zo ya yi mini jaje? Taki kuwa bai sauko ba ko kwabo. Bana manya da yawa sun rage noman masara saboda haka.

Inna Hauwa: Allah ya mayar da alheri. Amma karyewar nan ce ta sa muka ci tuwo sau biyu a rana a damina. Ka ga ashe ba gari ɗaya muke ba, ko da katangarmu ɗaya.

Aminu Dutse: Abin da Inna ta faɗa ba sabo ba ne, an ma rubuta shi tun kafin a haife mu. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta bi gidaje da gonaki ɗaya bayan ɗaya. A lokacin Turawa da 'yan boko suna ɗauka mutanen ƙauye duk ɗaya suke a talauci. Ita kuwa ta nuna bambancin da ke tsakanin gida da gida babba ne: akwai masu gona da taki da rumbun ajiya, akwai waɗanda talauci ya hana su noma gonarsu, don da damina dole su tafi ƙwadago gonar wani su samo na awon ranar, tasu kuma ciyawa ta cinye. Daga baya ta yi irin wannan aikin a Dorayi, inda cunkoso ya riga ya sa gonaki sun zama ƙanana. Dorayin nan yau unguwa ce a cikin birnin Kano. Abin da ya sa na kawo wannan, in aka ce "kuɗin shigar ƙauye ya ƙaru", sai a tambaya na wane gida. In ka haɗa na Alhaji da na Inna ka raba biyu, adadin da zai fito ba na kowa ba ne a cikinsu.

Zainab: Kuma har yanzu haka ne. Ƙanin babana bara kwana da kwanaki yana noman wani, tasa sai da aka yi maimai ya shiga noman fari.

Mamman Magarya: Salamu alaikum dangi. Ina biye da ku daga wannan ƙetaren. Mu nan ƙasar Damagaram abin ya ma hi naku, don ƙidayarmu ta Nijar baki ɗaya ta 2012 ta ba da miliyan 17, mace kuma tana haihuwar 7.6 a lokacin, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Magarya da Matamai cunkoso ne sosai, gona ƙarama. Abu guda da ya taimake mu shi ne itace. Bayan yunwar 1984 mutane suka daina sare tohon da ke hitowa a gona, suna sassabe shi su bar mai ƙarhi ya girma, musamman gawo. Yanzu tsakanin Maraɗi da Damagaram ana maganar eka mai yawa, har hekta miliyan biyar da ta sake yin itace. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ƙarƙashinsa kuwa gero ya hi kyau, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da ake saidawa a kasuwa. Bai sa mun yi arziki ba, amma gonar da ba ta hutawa tana samun abin da za ta ci.

Maganar ci-rani kuma, ta juye. A 2019 jika guda ta sefa, wato sefa dubu, wajen Naira 600 ce, a 2024 ta kai wajen 2,500. Yaronmu da ke tura ruwa a Kano in ya canza abin da ya tara sai ya ga ba kome. Da yawa sun karkata Agadas, Aljeriya, Libiya, ko wurin haƙar zinariya a Jado. Naku kuma su ne ke kawo muna kaya yanzu don sefa.

Baba Audu: Mamman, gaskiyarka. Gawon da aka sa wa gonarmu suna, mu da hannunmu muka sare shi a shekarun baya aka yi gawayi. Yanzu suna kawai ya rage.

Sule Legas: Ni abin da ke ba ni tsoro ba kuɗin ba ne. Da, Yayana yana tafiya bayan an gama girbi, ruwan farko na sauka yana gida da kuɗin taki. Mu yanzu ba ma dawowa. Kuɗin mota daga Legas zuwa gida da komawa ya kusa cinye abin da mutum zai tara a wata, in ka bar wurin gadinka kuma wani ya shige. Sai ka turo kuɗin ƙwadago ta POS a nome maka. Akwai abokina da ya yi shekara uku bai ga 'yarsa ba sai a waya. Wasu sun yi aure a can Agege. 'Ya'yansu za su ce su 'yan garinmu ne, amma ba su san hanyar gonar kakansu ba.

Anti Ladidi: Mu kuma muna ganin ɗaya gefen. Mace na naƙuda ta yi tsanani, ana bukatar a kai ta Gumel, mijin yana Fatakwal wayarsa a kashe, surukin ya ce shi ba zai yanke hukunci ba. Ko yaro ya kwanta, uwa tana jiran alat. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 kuwa, kuɗin na cikin waya amma babu takarda a hannun mai POS, mun ga tashin hankali. Akuyar da ta kai dubu ashirin aka riƙa bayarwa a rabin kuɗi ga duk mai tsabar kuɗi a hannu.

Inna Hauwa: Kuma a lissafinku na maza ba ku sa namu ba. In miji ya tafi, wa ke riƙe gidan tsakanin alat da alat? Ni ina matsar man gyaɗa ina ƙuli-ƙuli, kishiyata tana ɗan wake da safe, yara mata suna ɓarar zoɓo da kaka a biya su kwano-kwano. Muna adashe duk ranar kasuwa. Kwasata ta bara tunkiya na saya, ta haifi biyu, na sayar da ragon da layya na yi wa Saude gado da katifa. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda. Amma man ma yanzu gyaɗar sai an sayo, ribar ba ta wuce ƙuli-ƙulin da abin da yara za su lasa. Kuma tallan nan shi ke hana yaran zuwa wurin Malam Nasiru, na sani, ba sai an gaya mini ba.

Malam Nasiru: Inna, ai kin riga ni. Aji ɗaya mata sun fi maza yawa ma wani lokaci. Kafin aji shida sai ka ga sun zube. Mazan kuma suna gama firamare idonsu na kan tasha.

Zainab: Akwai abin da ba a taɓo ba: gonar ma tana barin hannun 'yan gari. Mutum ya jinginar don asibiti ko aure, shekara ta zagayo bai iya fansa ba, a ce to a cika masa a rubuta takarda. Masu sayen kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga Gumel da Kano, su zo da tarakta su shuka riɗi, mai gonar da ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Mata kuma rabon gadonsu sau da yawa a baki ne, gonar tana hannun yayye.

Ustaz Habibu: Wannan ta ƙarshen zalunci ce tsagwaronta, kuma in an kawo mana muna faɗa. Jingina irin wadda mai kuɗi ke cin amfanin gona shekara da shekaru bashin kuma yana nan bai ragu ba, ita ma malamai sun yi magana a kanta, don rance ne da ya jawo amfani. Mutane ne ba sa son ji.

Alhaji Garba: Ni dai gonaki biyu na karɓa jingina, duka kuma masu su ne suka zo har gida suna roƙo. Kada a kalle ni.

Sule Legas: Ba wanda ya kira suna, Alhaji.

Shugaban zaure: Jama'a a sassauta. Malam ya ce ban da siyasa, ni kuma na ƙara da ban da nuna yatsa. Wanda ya turo hoton tallan maganin basir kuma na goge, nan ba wurinsa ba ne.

Aminu Dutse: Ni shawarata, tunda gwamnati ba ta ƙirga mu ba tun 2006, mu ƙirga kanmu. Garin bai fi ƙarfinmu ba. Kowace unguwa a samu mutum biyu, namiji da mace, a bi gida-gida da tambayoyi kaɗan: mutum nawa ke kwana a gidan, nawa ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar, nawa ke waje kuma ina, wata nawa hatsin bara ya kai, akwai gonar da ke jingina ko babu. Ba sai an tambayi kowa nawa yake samu ba, don ba mai faɗar gaskiya. Watannin da hatsi ya kai sun isa su nuna mana komai. Da wannan takardar za mu iya zuwa ƙaramar hukuma mu nemi ƙarin aji da hujja.

Baba Audu: Aminu, ka san mutanenmu. Da sun ga biro da takarda, rabi za su ce tallafi ne su ƙara yara, rabi su tuna haraji su ɓoye. Akwai kuma masu cewa ƙirga 'ya'ya na kawo baki. Sai an fara ta wurin Dagaci da masu unguwanni, Liman kuma ya yi bayani ranar Juma'a cewa babu ko sisi a ciki.

Ustaz Habibu: Zan yi wa Liman magana bayan magariba in sha Allah.

Anti Ladidi: Masu bi gida-gida na rigakafi sun san kowane zaure, kuma mata sun saba da su. Zan tambayi biyu daga cikinsu. Amma a tanadi ɗan abin sayen ruwa, kada a ce aikin Allah ne a bar su da rana.

Alhaji Garba: Kuɗin takarda da na ruwan na ɗauka. Sai dai a ƙara tambaya ɗaya: gidan na da babur ko shanun huɗa? Don in sakamako ya fito a ga abin da nake faɗa.

Inna Hauwa: A ƙara. A kuma tambaya ko an gama biyan kuɗin babur ɗin.

Malam Nasiru: Duka biyun za su shiga. Aminu ka tsara tambayoyin ka turo nan kafin Laraba mu duba. Sule, ku na Legas ku haɗa mana sunayen 'yan gari da ke can, da na Fatakwal in kana da lambar wani, don kada a ƙirga mutum sau biyu ko a tsallake shi.

Sule Legas: Na Legas zan iya zuwa Lahadi, ranar muke haɗuwa a Agege. Na Fatakwal sai dai a nemi Ɗanjuma, shi ke riƙe musu adashe.